Galadima: Sarautar Nguru da ta koma sunan yaro

Ba na jin akwai limamin da ya taɓa raɗa wa jariri suna Galadima ranar suna. Abin da ake ji a ƙofar gida bayan an yanka rago shi ne Muhammadu, ko Abubakar, ko Umaru. Amma jefi-jefi, a Nguru ko Gashuwa, za ka ji uwa ta leƙo zaure tana kiran wani ɗan yaro mai wasa da ƙasa: "Galadima, zo ka ci abinci." Masu amsa wannan kira ba su da yawa, kuma kullum raguwa suke yi.

Kalmar ba Hausa ba ce a asali, duk da ta zauna daram a bakinmu. Daga Barebari muka aro ta. A Kanuri, idan aka liƙa "ma" a ƙarshen kalma tana nufin mai abu, ko mai riƙe da wuri. Haka aka sami Yarima, mai riƙe da lardin Yeri na arewacin Borno, haka kuma Ciroma da Kaigama da Bulama. Masana tarihin Borno suna fassara Galadima da mai riƙe da Galadi, wato ƙasashen yamma. Yammacin Borno kuwa shi ne ɓangaren da ke fuskantar ƙasar Hausa, shi ya sa wannan sarauta ta fi sauran shiga cikinmu.

Tun ƙarni na 17 aka kafa mazaunin Galadiman Borno a Nguru, a tsakiyar ƙasar Mangawa. Ba ƙaramin basarake ba ne. Mai, wato sarkin Borno, yana can Birnin Gazargamu, shi kuwa Galadima yana nan da fadarsa da dakarunsa da masu sarautarsa, kamar wani ƙaramin sarki. Shi ke tsare iyaka, shi ke sa ido a kan hanyar fatake da ke zuwa Kano, kuma ƙananan ƙasashen da ke tsakanin Borno da Hausa ta hannunsa suke kai gaisuwa. Wanda ya san Nguru da tashar jirgin ƙasa da kasuwar shanu kawai, bai san rabin labarinta ba.

Sai dai sarautar ta girmi zamanta a Nguru. Tarihin Kano ya ambaci Galadima Dawuda a zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, mutumin da ya yi ta yaƙi a kudu yana kafa garuruwa. Ana danganta laƙabin Daudu da ake yi wa duk wani Galadima a ƙasar Hausa da shi. Daga nan sarautar ta yi rassa. A Kano akwai unguwar Galadanci. Ibrahim Dabo yana Galadima ya hau gadon sarauta a 1819, kuma Yusufu da Tukur, waɗanda rikicinsu ya haifar da Basasar 1893, dukansu sun riƙe ta. A Katsina, Galadima shi ne hakimin Malumfashi, kujerar da Mai Shari'a Mamman Nasir ya zauna a kai har rasuwarsa a 2019. Ko a Abuja ta yau akwai Galadimawa.

A gidanta na Nguru kuwa, sarautar ta sha wuya. Lokacin jihadi, Fulanin yammacin Borno ƙarƙashin Ardo Lerlima sun fatattaki rundunar Galadima, kuma da wannan garkuwa ta faɗi sai hanya ta buɗe, har Goni Mukhtar ya ci Gazargamu a 1808. Shehu Laminu ya ceto daular, amma Galadima bai sake samun ƙarfinsa na da ba. Da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratsa yankin a 1851, a garin Bundi ya tarar da mazaunin Galadima, ba a Nguru ba.

To, ta yaya sarauta irin wannan ta sauko ta zama sunan yaro? Ta hanyar alkunya. Idan aka sa wa jariri sunan kakansa, uwa ba za ta iya kiran sunan surukinta gatsau ba, uban ma ba zai kira sunan mahaifinsa ba. Sai a nemi abin sakayawa. A wani gidan a ce Abba ko Baba ko Maikano, a gidan da kakan ya riƙe rawani kuwa sai a kira yaron da sarautar kakan. Haka Sarki da Yarima da Ciroma suka zama sunayen yara, haka Maina ya zama suna a wajen Barebari da Badawa. Wannan ne kuma dalilin ƙarancin sunan: dole a sami kaka mai sarautar, a sami jika takwaransa, sannan laƙabin ya bi yaron har girma. A gari guda Galadima ɗaya ne a lokaci guda, Abubakar kuwa ba su ƙirguwa.

Hanya ta biyu makarantar boko ce ta buɗe ta. Da aka fara rubuta sunayen yara a rajista, ana neman suna na biyu. Wasu suka ba da sunan garinsu, irin su Aminu Kano da Shehu Shagari, wasu kuma aka rubuta musu sarautar gidansu. Ta nan Galadima ya yawaita a matsayin suna na biyu, har ya fi na kira nesa ba kusa ba. Injiniya Buba Galadima, ɗan siyasar da duk mai sauraren rediyo ya san muryarsa, ɗan Gashuwa ne. Marigayi Malam Adamu Ciroma, wanda ya shugabanci Babban Bankin Najeriya daga 1975 zuwa 1977, ɗan Potiskum ne, shi ma da sunan sarauta duniya ta san shi.

Jirgin ƙasa ya iso Nguru daga Kano a 1930. Gyaɗa da ƙaro da fatu da busasshen nama suka jawo 'yan kasuwa, Hausa ta zama harshen ciniki daga Nguru har Gashuwa. Sai ga kalmar da ta fita daga wannan ƙasa da Kanuri ta dawo mata a bakin Bahaushe, yaran gari da dama suna ɗaukarta a matsayin baƙuwa daga Kano.

Abin da ke damuna shi ne yanzu sakayawar ma ta canza. Takwaran kaka ya koma Khalifa ko Amir ko Walid. Sunaye ne masu kyau, ba na ƙin su, amma ba su gaya wa yaro daga wane gida ya fito ba. Ina roƙon dattawan Nguru da na Bade, da malaman tarihi na Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da aka kafa a 2013, su zauna su rubuta jerin Galadimomin Nguru da zuriyarsu tun masu riƙe da labarin a ka suna raye. Kai kuma mai karatu, idan akwai Galadima a gidanku, ka je wurin tsofaffi ka tambayi sunan wa ya ci.