Joe Louis: Zakaran Damben da Amurka Ta Yi Tutiya da Shi, Ta Kuma Bi Shi Bashi

Daga 1915, shekarar da Jack Johnson ya rasa kambun duniya na damben zamani ajin masu nauyi, sai da aka yi shekara 22 ba a sake ba wani baƙar fata damar neman wannan kambu ba. Turawan Amurka ba su manta da Johnson ba, mutumin da yake kayar da 'ya'yansu yana dariya. Wanda ya karya wannan shinge shi ne Joe Louis, ɗan manoma 'yan ƙodago da aka haifa a jihar Alabama a 1914, ya tashi a birnin Detroit.

Da ya shiga damben kuɗi a 1934, iyayen gidansa, John Roxborough da Julian Black, suka gindaya masa sharuɗɗa: kada ya yi wa wanda ya kayar dariya, kada ya ɗauki hoto da Baturiya, ya kame bakinsa. Mai horar da shi, Jack Blackburn, ya nuna masa cewa alƙalai ba za su ba baƙar fata nasara da maki cikin sauƙi ba, don haka ya riƙa gama aiki da hannunsa. A 1935 ya tumurmusa Primo Carnera ɗan Italiya, a daidai lokacin da shugaban Italiya Mussolini ke shirin mamaye Habasha. Baƙaƙen Amurka suka ɗauki nasarar tamkar ta Habasha ce.

A 1936 Bajamushe Max Schmeling ya gano lagonsa, wato yakan sauke hannun hagu bayan ya kai naushi, ya kuwa kwantar da shi a turmi na 12. Gwamnatin Hitler ta yi ta yayata cewa ga hujjar fifikon farar fata. Louis ya karɓi kambu daga hannun James Braddock a 1937, amma hankalinsa bai kwanta ba sai da suka sake haɗuwa da Schmeling a New York ranar 22 ga Yuni, 1938. Mutane kusan 70,000 suka cika filin, miliyoyi suka kasa kunne a rediyo. Cikin minti 2 da daƙiƙa 4 aka tashi wasa. A daren nan ƙasar da ke hana baƙar fata cin abinci a teburi ɗaya da Bature ta yi ta tutiya da baƙar fata a matsayin gwarzonta.

Ya riƙe kambun har zuwa 1949 da ya yi ritaya, ya kare shi sau 25, bajintar da har yau ba a kamo ba a ajin masu nauyi. A 1942 ya sadaukar da ladan wasanninsa biyu, da Buddy Baer da Abe Simon, ga asusun tallafa wa sojoji, ya kuma shiga soja, inda a lokacin baƙi da farare ba sa haɗa bariki.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu hukumar haraji ta taso shi gaba. Bashi da kuɗin ruwa suka yi ta hauhawa har daga baya suka haura dala miliyan 1. Dole ta sa ya dawo fage da ƙarfinsa ya ja baya. Ezzard Charles ya doke shi a 1950, Rocky Marciano ya fitar da shi ta tsakanin igiyoyi a 1951. Daga baya har kokawa ya shiga don neman na biya, ya ƙare yana tarbar baƙi a otal ɗin Caesars Palace da ke Las Vegas. Schmeling, wanda ya yi arziki a harkar Coca-Cola a Jamus, ya zama amininsa, yana taimaka masa da kuɗi.

Louis ya rasu ranar 12 ga Afrilu, 1981. Shugaba Ronald Reagan ya ba da izinin binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington, karramawar da gwamnati ta yi masa bayan ta kwashe shekaru tana bin sa bashi.