Yaron da ya harbi malama da ƙafa: inda darasin sarrafa motsin rai ya samo asali

Idan kana bibiyar muhawarar ilimi a Amurka, ka sha cin karo da haruffan SEL, wato koyar da yara zama da mutane da sarrafa motsin ransu: yadda za su gane fushi ya taso musu, su danne shi, su sasanta da abokin faɗa. A yau abin ya zama manhaja mai littafi da jadawali, har kamfanoni na sayarwa. To amma ka koma farkonsa, za ka tarar manya aka fara gyarawa kafin yara.

A shekarar 1968 cibiyar nazarin yara ta Jami'ar Yale ta tura wani likitan ƙwaƙwalwar yara, James Comer, ya yi aiki da makarantun firamare biyu na gwamnati a birnin New Haven, jihar Connecticut. Makarantun su ne Baldwin da Martin Luther King. Kusan dukkan ɗalibansu baƙaƙen fata ne 'ya'yan talakawa, kuma cikin firamare 33 na birnin suna can ƙasa a jarrabawa da zuwa makaranta. 'Yan aji huɗu sun yi baya da fiye da shekara ɗaya da rabi a karatu da lissafi. Malamai na zuwa suna gudu.

Comer ba baƙo ba ne ga irin wannan rayuwa. An haife shi a 1934 a East Chicago, jihar Indiana; mahaifinsa lebura ne a masana'antar ƙarfe, mahaifiyarsa 'yar aikin gida. Shi da 'yan'uwansa huɗu sun tara digiri 13 a tsakaninsu. Abokansa uku na yarinta kuwa, waɗanda ya ce ba su gaza shi basira ba, ɗaya giya ta kashe shi, ɗaya ya ƙare a kurkuku, ɗaya a asibitin masu taɓin hankali. Tambayar da ta dame shi ke nan: unguwa ɗaya, makaranta ɗaya, me ya raba?

Amsar da ya kai gare ta ita ce, akwai abubuwan da makaranta ke ɗauka kowane yaro ya zo da su daga gida: jiran layi, yin tambaya ba tare da tsoro ba, neman haƙƙi da baki maimakon hannu. Yaron da gidansu ya yi daidai da tsarin makaranta ya shigo da su a aljihu. Wanda bai zo da su ba, sai a kira shi mara kunya ko daƙiƙi, a hukunta shi, shi kuma ya ƙara turjewa. Iyayensa, waɗanda su ma makarantar ba ta yi musu daɗi ba a zamaninsu, sai su ja baya ko su zo da faɗa.

Ga wani labari da Comer ya bayar, wanda a ganina ya fi kowace ƙididdiga bayyana lamarin. An kawo wani yaro ɗan shekara takwas daga wani ƙauye a jihar North Carolina, aka ajiye shi a makarantar, aka wuce da shi aji kai tsaye. Ya leƙa ya ga baƙin fuskoki, sai ya harbi malamar da ƙafa ya ruga a guje. A tsohon tsari, hukunci ne zai biyo baya, wataƙila a maƙala masa sunan mai matsala har ya gama. Da ma'aikatan suka zauna, sai suka tambayi kansu yadda babba ma zai ji idan an tsinke shi daga duk wanda ya sani an jefa shi cikin baƙi. Suka tsara yadda za a riƙa tarbar sabon ɗalibi, a zagaya da shi, a gabatar da shi. Ka lura: yaro ɗaya ne ya yi laifin, amma ƙa'idar makaranta aka canza.

Haka tsarin ya ginu, a kan kwamitoci uku. Na farko na gudanarwa, inda shugaban makaranta ke zama da malamai da iyaye. Na biyu na masana halayyar yara da jami'an jin daɗin jama'a da malaman yara masu buƙata ta musamman, masu duba matsala kafin ta girma. Na uku na iyaye zalla, wasunsu ma ana biyansu ɗan alawus su taimaka a aji. Ƙa'idojin zaman su ma uku ne: ba a neman mai laifi, ana yanke shawara da yardar kowa maimakon ƙuri'a, kuma ba a yi wa shugaban makaranta taurin kai, shi ma ba ya yin gaban kansa.

Kada ka ɗauka abin ya tafi sumul. Shekarar farko rikici ce zalla, daga baya Baldwin ta fita aka maye gurbinta da makarantar Katharine Brennan. Sai da aka kwashe kusan shekara goma kafin makin jarrabawa ya kamo matakin da ake so. Zuwa 1984, 'yan aji huɗu na makarantun biyu sun zo na uku da na huɗu a birnin, ba tare da an sauya irin yaran da ake ɗauka ba.

Daga nan labarin ya yi sauri. A ƙarshen shekarun 1980, Roger Weissberg na Yale da wani malami, Timothy Shriver, suka tsara darussan zamantakewa ga makarantun New Haven tun daga rainon yara har ƙarshen sakandare. A 1994 aka kafa ƙungiyar CASEL, wadda ta yayata sunan SEL; a 1995 littafin Daniel Goleman kan basirar motsin rai ya kai batun gidajen jama'a; a 2004 jihar Illinois ta zama ta farko da ta sa shi cikin ma'aunin karatunta.

Yana aiki kuwa? A 2011 Joseph Durlak da Weissberg da abokan aikinsu suka tattara nazarce-nazarce kan shirye-shirye 213 da suka shafi ɗalibai sama da 270,000. Sun samu ingantuwar ɗabi'a, kuma a nazarce-nazarcen da suka auna karatu, matsakaicin ɗalibi da da yake gaban mutum 50 cikin 100 ya koma gaban 61. Wannan adadi ne za ka ga ana ta maimaitawa. Abin da ba a cika faɗa maka ba shi ne, inda aka samu matsala wajen aiwatarwa, ribar ta ragu sosai. Kuma a 2010 wani babban gwaji na gwamnatin Amurka kan shirye-shirye bakwai bai ga wani tasiri na a-zo-a-gani ba. A shekarar dai, masu bincike na Jami'ar Manchester suka auna shirin SEAL a sakandaren Ingila, su ma ba su ga canji mai ma'ana ba. Sun tarar kowace makaranta ta tsinci abin da ta ga dama daga shirin ta bar saura.

Ni dai ina ganin bambancin a nan yake. Darasin minti talatin a mako kan danne fushi yana da sauƙin saye da sauƙin aunawa. Zaunar da uwa mai aikin wanke-wanke a teburi ɗaya da shugaban makaranta, ra'ayinta ya yi nauyi, wannan sai an yi shekaru, kuma sai wani ya saki ɗan ikonsa. Na farkon ne ya fi yaɗuwa. Da iyaye suka koma 'yan kallo, ba abin mamaki ba ne wasunsu su fara zargin ana cusa wa 'ya'yansu wata aƙida a ɓoye, 'yan siyasa kuma suka samu abin kamawa. A watan Afrilun 2022 ma'aikatar ilimi ta jihar Florida ta ƙi amincewa da littattafan lissafi 54 cikin 132 da aka gabatar mata, kuma cikin dalilan da ta lissafa har da cewa wasunsu na ɗauke da SEL.