Asma bayan an girma: yadda ake gane ta da yadda ake zama da ita

Daga watan Nuwamba zuwa Maris, idan hunturu ya sauko, ƙura kan lulluɓe Ɗan Barto da sauran garuruwan gundumar Kance, tun daga Matamaye har iyakar Kwangwalam. Mafi yawan wannan ƙura daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi iska ke kwaso ta. A wannan lokaci ne ake yawan jin magidanci ko uwar ƴaƴa suna kukan tari da dare da nauyin ƙirji. Da yawa sukan ce sanyi ne ya kama su, domin sun saba jin cewa asma ciwon yara ce, ko kuma sai wanda ya gada. Alhali tana iya farawa mutum yana da shekara 30 ko 40, ko ma ya haura 60, kuma babu kowa a danginsa da ya taɓa yin ta.

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne ke da asma, kuma ta yi ajalin mutum 455,000. Akasarin mace-macen a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ne, inda ba a gane cutar da wuri kuma maganin shaƙa ke wuyar samu.

Mece ce asma?

Iskar da muke shaƙa tana bin wasu ƙananan hanyoyi ne kafin ta isa cikin huhu. A jikin mai asma, bangon waɗannan hanyoyi yana kumbura daga ciki, yana tara majina mai kauri, kuma naman da ke kewaye da su yana tsukewa da zarar ya haɗu da abin da ba ya so. Hanya ta ƙuntata, iska ta rasa wurin fita, shi ne ake jin ƙirji yana shewa. Kumburin yana nan ko a ranakun da mutum yake jin garau. Asma ba ta yaɗuwa daga wani zuwa wani, don haka babu dalilin raba kwano ko ɗaki da mai ita. Ba ta warkewa gaba ɗaya, amma da magani mai kyau mutum yana noma, yana kasuwa, yana barcinsa lafiya.

Me ke sa ta fara bayan an girma?

A yarinta, maza sun fi mata yin asma. Bayan balaga lamarin yakan juya, mata su fi yawa. Ƙiba, shan taba, mura mai tsanani da ta sauka ƙirji, da yawan toshewar hanci suna daga cikin abubuwan da ke share mata hanya.

Sana'a ma tana da hannu: masana na ganin kusan mutum 1 cikin 6 da asma ta kama bayan sun girma, daga wurin aiki suka samo ta ko a can ta tsananta. A yankinmu wannan ya shafi mai injin niƙa, mai gashin burodi da ke yini cikin garin fulawa, matan da ke sussuka da shiƙa, masu ɓarar gyaɗa, kafinta, mai fentin mota da mai feshin maganin ƙwari a gona. Alamar da ke nuna haka ita ce mutum ya ji sauƙi idan ya yi kwanaki bai je aiki ba, ciwon ya dawo da zarar ya koma.

A cikin gida akwai hayaƙin itace da na gawayi, turaren wuta, maganin sauro na ƙonawa, kyankyaso, da ƙurar katifa da darduma. Wasu magunguna ma suna tayar da ita ga wasu manya: asfirin, ibuprofen da diclofenac da ake sha don ciwon jiki, da propranolol ko atenolol da ake bai wa masu hawan jini.

Alamomi

Manyan alamomi huɗu ne: ƙirji ya riƙa shewa, numfashi ya yi wuya, a ji kamar an ɗaure ƙirji da igiya, sai tari. Abin da ya bambanta asma shi ne alamomin suna zuwa suna tafiya. Sun fi tsanani da dare ko gab da asuba, kuma ƙura, hayaƙi, sanyi, dariya ko aikin ƙarfi suna tayar da su. Ga wasu manya, busasshen tari na dare shi kaɗai ne alama.

Cututtukan da ke kama da ita

A Hausa kalmar fuka tana rikita mutane, domin wasu asma suke nufi da ita, alhali tarin fuka wata cuta ce daban, mai yaɗuwa. Duk wanda ya yi sama da mako biyu yana tari, musamman idan akwai rama, zazzaɓin yamma, zufar dare ko jini a kaki, to a fara da gwajin kaki. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati na Nijar.

Ciwon zuciya ma yana sa haki. Macen da ta haihu a ƴan watannin nan, ƙafafunta suka kumbura, ba ta iya kwanciya sai ta jingina, tana bukatar a duba zuciyarta cikin gaggawa. Likitoci sun daɗe da sanin yawan wannan ciwo ga masu jego a ƙasar Hausa, tun daga binciken da aka yi a Zariya. Akwai kuma ƙarancin jini, da lalacewar huhu da ke samun wanda ya shekara da shekaru yana shan taba ko yana girki cikin hayaƙi. Kowanne da maganinsa, shi ya sa sayen magani a kan zato yake da haɗari.

Yadda likita ke tabbatarwa

Matakin farko shi ne cibiyar lafiya ta CSI, daga nan a tura mutum asibitin gunduma na Matamaye, idan da bukata kuma babban asibitin ƙasa na Damagaram. Likita zai tambayi lokacin da abin ya fara, sana'ar mutum, abin da ke tayar da shi da magungunan da yake sha. Zai saurari ƙirji, amma a sani cewa ƙirjin mai asma yana iya yin shiru ranar da ba ta tashi ba. Hoton ƙirji ma sau da yawa ba ya nuna komai. Amfaninsa shi ne kawar da zaton wasu cututtuka.

Gwajin da ya fi tabbatarwa shi ne awon numfashi da na'urar da ake kira sifirometa. Mutum zai hura da iyakar ƙarfinsa, a ba shi maganin buɗe ƙirji, bayan kamar minti 15 ya sake hurawa. Idan iskar da ya fitar a daƙiƙa ta farko ta ƙaru da kashi 12 cikin 100, kuma da aƙalla mililita 200, wannan hujja ce mai ƙarfi. Inda babu wannan na'ura, akwai ƙaramin ma'aunin hura iska na hannu: a hura safe da yamma har mako biyu ana rubutawa. Idan bambancin kowace rana ya wuce kashi 10 cikin 100 a matsakaici, alama ce ta asma.

Maganin shaƙa iri biyu ne

Na farko shi ne mai buɗe ƙirji nan take, salbutamol, wanda aka fi sani da Ventoline, galibi a shuɗin mazubi. Yana aiki cikin mintoci kaɗan, sai dai bai taɓa kumburin da ke ciki. Na biyu shi ne mai kwantar da kumburi, kamar beclometasone ko budesonide, wanda ake shaƙa kullum ko da ana jin lafiya. Amfaninsa yana bayyana ne bayan kwanaki zuwa makonni. Akwai kuma wanda ya haɗa biyun a mazubi ɗaya, budesonide da formoterol.

Tun shekarar 2019, ƙungiyar masana asma ta duniya, GINA, ta daina ba da shawarar a bar babba a kan salbutamol kaɗai. Wanda ke ƙarar da mazubi uku ko fiye a shekara yana cikin haɗarin mummunan tashi. Haka wanda ke bukatarsa fiye da sau biyu a mako, ko asma ke tashe shi daga barci: ya koma wurin likita a sake duba maganinsa.

Maganin shaƙa ba ya sa mutum ya kamu da shi kamar ƙwaya, kuma ba alama ce ta ciwo ya kai ƙarshe ba. Ya fi ƙwaya da siro aminci, domin kai tsaye yake zuwa huhu da ɗan ƙaramin adadi. Abin tsoro shi ne ƙwayoyin dexamethasone da prednisolone da masu tallar magani ke sayarwa a kasuwa. Suna sa a ji sauƙi, amma daɗewa ana shansu yana kawo ciwon sukari, hawan jini, kumburin fuska da raunin ƙashi. Likita ne kaɗai ke rubuta su, na ƴan kwanaki.

Yadda ake shaƙa

A girgiza mazubi, a fitar da numfashi, a kama bakinsa da leɓe, a danna sau ɗaya a daidai lokacin da ake jan iska a hankali, sannan a riƙe numfashi kamar daƙiƙa 10. Wanda ya kasa daidaita dannawa da jan iska ya yi amfani da gorar roba ta rabin lita mai tsabta: a huda gindinta daidai bakin mazubin, a fesa a ciki, a shaƙa ta bakin gorar sau huɗu ko biyar. Wani bincike da aka yi a kan yara a Afirka ta Kudu, aka buga a 1999, ya nuna cewa irin wannan gora tana aiki kamar wadda ake sayarwa a farmasi. Bayan shaƙar mai kwantar da kumburi, a kurkure baki a zubar.

Idan ta tashi

A zaunar da mutum, kada a kwantar da shi, a fitar da shi daga hayaƙi da cunkoso. A ba shi salbutamol feshi 4 zuwa 10, ɗaya bayan ɗaya ta cikin gora, a maimaita bayan kowane minti 20 har awa guda. Idan ba ya iya ƙarasa magana, leɓɓansa sun sauya launi, ya fara gyangyaɗi ko ruɗewa, ko maganin bai yi aiki ba, a nufi asibiti nan take ana ci gaba da ba shi a hanya. Kada a jira gari ya waye, kada kuma a yi masa turare.

Zaman yau da kullum

A ranakun hazo a rufe hanci da takunkumi ko rawani, a yayyafa ruwa kafin shara. A yi girki a fili, a maye gurbin maganin sauro na ƙonawa da gidan sauro, a shanya katifa da bargo a rana, a bar taba da shisha. Mai ciki kada ta daina shaƙar maganinta, domin ƙarancin iska ya fi cutar da abin da ke cikinta. A watan azumi ana iya shaƙar na kullum da sahur da bayan buɗa-baki. Malamai sun yi saɓani kan shaƙa da rana, amma wanda numfashi ya sarƙe masa yana cikin marasa lafiyar da aka yi wa rangwame.

Masu zirga-zirga tsakanin Ɗan Barto, Daura da Kano su riƙe sunan asalin maganin, salbutamol ko beclometasone, tun da sunan kamfani yana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Su saya a farmasi mai izini, su duba ranar lalacewa, kuma kada su bar mazubi cikin zafin mota. Mazubin salbutamol yawanci feshi 200 ne. A rubuta ranar da aka fara shi, a tanadi wani tun kafin hunturu ya shigo.