Tsofaffin Gidajen Sabon Zango

Tun ba a san Nima da Madina ba, akwai Hausawa a Akara. Malam Idrisu Naino ya zo daga Katsina, a 1881 kuwa ya sami filin da aka kira Zangon Malam. Da wurin ya cika, sai ɗansa Malam Bako ya tashi da jama'arsa, ya kafa Sabon Zango wajen 1912. Nima ta biyo baya a shekarun 1930, Madina kuma a 1959.

Gidajen farko irin na ƙasar Hausa ne: ginin ƙasa, zaure a gaba, tsakar gida a ciki. A zaure ake sauke baƙo, a raba gardama, a karantar da yara.

Amma ginin ƙasa yana son yaɓe a kai a kai, ga Akara da damina biyu a shekara. Da magada suka yawaita, kowa ya zuba wa ɗan'uwansa ido. Waɗansu zauruka suka zama ɗakunan haya. Waɗansu aka shafe su da siminti, danshi ya maƙale, bango ya ruɓe daga ciki.

Gidajen Turawa na bakin teku, Ussher Fort na 1649 da James Fort na 1673, sun shiga lissafin UNESCO a 1979. Gidajen zango kuwa, magada ne masu tsaronsu. In suka toshe yoyo, suka gyara magudana, suka rubuta abin da tsofaffi suka sani, jikoki za su ga inda kakanninsu suka fara sauka. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.