Tulu Mai Yoyo: Malaman Girka da Rabe-raben Jin Daɗi

Malaman Girka na dauri ba su ɗauki jin daɗi abu guda ba. A littafinsa Gorgias, Aflatun ya kwatanta mai bin son zuciya da mai cika tulu mai yoyo: yana ɗurawa, yana tsiyayewa. Efikuras (341 zuwa 270 kafin haihuwar Annabi Isa) kuwa ya kasa sha'awa gida uku: ta ɗabi'a da ta zama dole, kamar abinci ga mayunwaci; ta ɗabi'a da ba dole ba, kamar daddaɗan girki; sai ta banza, kamar neman suna, wadda ba ta da iyaka.

Wannan rarrabewa ta shafi Kura da Bunkure. Tun kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya sanya kuɗin shinkafa da tumatir a hannun manomi cikin watannin da a da ake tafiya cin rani. Abin da ya shiga rumbu, taki da karatun yara yakan zauna. Wanda aka kashe a gasar biki kuwa, tulun Aflatun ya faɗa.