Kanun jarida da ƙaddarar jari: abin da tarihin Magariya ya nuna

1. Gabatarwa

A wannan maƙala za mu duba dangantakar da ke tsakanin kanun labaran jarida da abin da jari kan zama bayan shekaru masu yawa. Mun zo wa batun ta ƙofar nazarin harshe. Kan labari gajeriyar jimla ce, galibi cikin shuɗaɗɗen lokaci: farashi ya faɗi, kasuwa ta mutu. Wannan siga tana sa mai karatu ya ɗauka magana ta ƙare, alhali kuwa ba a yanke wa jari hukunci sai an daɗe. Za mu kawo misali guda daga Amurka, sa'an nan biyu daga ƙasar Magariya da Dungas.

2. Mutuwar da ba ta auku ba

Ranar 13 ga Agusta 1979 mujallar Business Week ta sa a bangonta cewa hannun jari ya mutu. Tana da hujja, domin tsadar kaya ta cinye ribar masu hannun jari cikin shekarun 1970, kuma ma'aunin Dow Jones bai kai 900 ba a lokacin. Daga 1982 sai kasuwar ta fara hawa, har ma'aunin ya wuce 10,000 a watan Maris 1999. Daga irin wannan misali ne masana kasuwa suka fitar da ƙa'idar cewa mai jari ya saya, ya toshe kunne, ya jira. Tambayarmu ita ce: shin ƙa'idar tana aiki a ko'ina?

3. Gyaɗar Magariya

Manomin Magariya bai san kasuwar hannun jari ba. Jarinsa shi ne gona da iri da ƙarfin iyalinsa, kuma ya zuba su cikin gyaɗa, wadda a wasu sassan Nijar ake kira gujiya. Tun shekarun 1930 Magariya ta shiga wannan ciniki, ana kai kaya Kano inda jirgin ƙasa ya iso a 1911. John Collins ya yi nazarin wannan tarihi a cikin shekarun 1970, ya kuma nuna yadda gyaɗa ke ƙetare iyaka a ɓoye, tana bin ɓangaren da farashi ya fi kyau.

A 1962 gwamnatin Diori Hamani ta kafa Sonara, ta ba ta ikon fitar da gyaɗa waje. A tsakiyar shekarun 1960 gyaɗa ce kan gaba cikin abin da Nijar ke sayarwa ƙasashen waje, har daga baya aka gina masana'antar matsar mai ta Sepani a Magariya. Jaridar da ake da ita a Yamai a lokacin ta gwamnati ce, cikin Faransanci ake buga ta, kuma aikinta ƙarfafa gwiwa. Wanda ya dogara da ita a 1966 sai ya ce gyaɗa ba ta da ranar faɗuwa.

Abubuwa huɗu suka karya ta. Faransa ta janye farashin gata da take sayen gyaɗar da shi a ƙarshen shekarun 1960. Yaƙin basasar Najeriya (1967-1970) ya dagula hanyar teku. Farin 1973-1974 ya sa manomi ya koma ga hatsi don ya ci. A 1975 kuma cutar rozet, wadda ƙwarin darɓa ke yaɗawa, ta lalata gonaki a kudancin Nijar da arewacin Najeriya. Kafin nan an fara haƙar uraniyom a Arlit a 1971, hankalin hukuma ya koma arewa. A nan jira bai yi rana ba. Dalili shi ne, ma'aunin Dow Jones kwando ne na kamfanoni 30, ana fitar da wanda ya raunana a sa wani, shi kuwa manomi abu ɗaya ya riƙe, ba kuma shi ke yanke farashinsa ba.

4. Sefa da naira

Mutanen Magariya da Dungas da kuɗi iri biyu suke ciniki, saboda kasuwanninsu na kallon Ɓaɓura da Daura da Kano. Ranar 12 ga Janairu 1994 aka rage darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Labarin ya cika jaridu, har da masu zaman kansu da suka fara fitowa tun bayan Haske a 1990. Ba a yi ƙarya ba, magani da kayan waje sun yi tsada nan take.

Amma mu auna da dogon zango. A 1980 dalar Amurka ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba a farashin hukuma, tana kuma daidai da sefa 210 ko kusa da haka. A 2024 dalar ta wuce naira 1,500, tana kuma wajen sefa 600. Ke nan sefa ta faɗi kamar ninki uku, naira kuwa fiye da ninki 2,000. Faɗuwar sefa ta zo rana ɗaya, ta samu babban kan labari. Ta naira ta zo kashi-kashi tun daga 1986, kowane kashi da ɗan labarinsa, ba wanda ya nuna jimlar asarar. Wanda ya tsorata a 1994 ya mai da ajiyarsa naira, ya gudu daga ruwa ne ya faɗa rijiya.

5. Kammalawa

Misalan uku sun nuna cewa kan labari na iya faɗin gaskiya game da ranarsa, ya kuma ɓatar da mai karatu game da shekaru ashirin masu zuwa, ko ta hanyar tsoratarwa ko ta hanyar yabo. Sun kuma nuna cewa haƙuri kaɗai ba ya tsare jari. Sai an san abin da aka riƙe, da wanda ke yanke farashinsa. Tun 1998 akwai kasuwar hannun jari ta BRVM a Abijan, wadda Nijar ke cikinta. Idan za a bayyana ta ga mutanen Magariya da Hausa, muna ganin ya kamata a fara da tarihin gyaɗa, domin dattawansu sun san yadda abin ya ƙare.