Baƙon Gwandu da Abin da Ake Ajiye Masa

Duk wanda ya san ƙasar Gwandu, tun daga Dodoru da Kambaza da Dalijan har ya gangara Kalgo, ya san ba tsawon soraye ko girman kasuwa ne ke jawo baƙo zuwa wannan gari ba, illa dai alfarmar malaman da suka zauna a cikinsa, musamman Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Allah Ya ji ƙansa, wanda hubbarensa ke nan ana ziyarta har yau. A shekarar 1805 jama'ar yayansa Shehu suka sauka Gwandu, a wannan shekarar kuma aka yi yaƙin Alwasa, inda suka sha wuya ƙwarai kafin Allah Ya ba su ikon kare garin. Da Shehu ya raba al'amuran mulki a 1812, sai yamma ta faɗa hannun ƙanensa, ta haka Nufe da Ilori suka zama masu kawo gaisuwa wannan ƙofa.

To, garin da manzannin sarakuna ke sauka, ga ɗalibai masu neman a karanta musu Liya'ul Hukkami ko Tazyinul Waraƙati a inda mawallafinsu ya zauna, ga fatake masu bin hanyar Gwanja neman goro, lalle ne ya san yadda zai ciyar da bakuna da yawa. Abin lura shi ne, a wancan zamani baƙo mai mutunci ba ya sayen abinci, domin da zarar an kai shi masauki, haƙƙin cikinsa ya hau kan mai gida, kamar yadda shari'a ta tanadi liyafar kwana uku. Za a fara kawo masa ruwa, a bi da ƙwaryar fura da nono, in magariba ta yi a aiko da akushin tuwon dawa ko na shinkafar fadama da miyar kuka, wani lokaci da kifin gulbi a kai, alhali kuwa da za a ga wannan baƙo tsaye a kasuwa yana ƙirga wuri don ya sayi abin kalaci, to, mai masaukinsa ne zai kwana da kunya. Ciniki na zango ne, inda ayari ke sauke jakuna, matan ƙauyuka su kawo fura da masa da ƙosai, falke kuma ya ƙara guzurinsa na gumba da dakuwa da kilishi, abubuwan da ke jure kwanaki a cikin jaka ba su lalace ba.

Wani baƙo daga nesa ya bar mana shaida. Bajamushen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya iso Gwandu a 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu ɗan Abdullahi, mutumin da zuhudu ya sa bai yarda ya gana da shi ba. Barth bai yaba kasuwar garin ba, amma ya yaba albasarsa da ayabar da ake nomawa a kwarin da ya ratsa shi. A nan ne kuma aka ba shi aron Tarihus Sudan, ya zauna yana kwafar abin da ya iya, wanda ta hanyarsa Turawa suka fara sanin labarin daular Songhai filla-filla. Ni a ganina babu abin da ya siffanta Gwandu kamar wannan: mutum ya zo ya raina kasuwa, ya tafi da littafi. Albasar kuwa ba ta ƙare ba, don wanda ya ga buhunan Aliero da rani ya san ƙasar ba ta manta sana'arta ba.

Bayan zuwan Nasara a 1903, da tarzomar da aka yi musu a Satiru a 1906, aka mayar da gadon sarauta Birnin Kebbi, manzanni da masu neman alfarma suka bi sarki can, aka bar wa Gwandu masu ziyara da ɗalibai. Sannan mota ta zo. Mutumin da a da zai kwana uku a gari, yanzu yana iya zuwa da hantsi, ya yi addu'a a hubbare, ya gai da malamai, ya juya kafin la'asar. Wanda ba zai kwana ba kuwa ba shi da mai masauki, dole ya nemi inda zai zauna ya karya da kuɗinsa.

Wannan giɓi ne mai shayi ya cike. Asali shayi abin sha ne na Larabawa da Buzaye da attajiran da ke hulɗa da su, ana dafa shi da ƙarfi a sha a ƙananan kofuna, sai da burodi da madarar gwangwani suka yawaita a tsakiyar ƙarni na 20, tukuna ya sauko bakin tasha, aka kafa masa tebur da benci da babbar buta a kan garwashi. Ba da daɗewa ba teburin ya zama majalisa, balle da rediyo ya samu wuri a kansa, bayan BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957. Direba da manomi da almajiri su zauna kafaɗa da kafaɗa, kowa ya faɗi abin da ya ji. A Kalgo ma, tun da aka kafa jami'ar tarayya a 2013, ɗalibai sun ƙara wa masu shayi ciniki.

Akwai dattawan da ke ganin wannan raguwar karamci ce, ni kuwa ban yarda da su gaba ɗaya ba, domin a ƙauyuka irin Dodoru har gobe ba a barin baƙo ya tashi bai sha fura ba. Saboda haka, mai karatu, in Allah Ya kai ka Gwandu, ka sha shayinka a tasha, amma in wani dattijo ya ce ka shigo zaure a dama maka fura, kada ka ce kana sauri.